Tambaya kan tsohuwar gar (tashar jirgin ƙasa) ta ƙauyen Nlohe a Kamaru, dan Allah masu sani ku taimaka

Jikan Mahauci (Garwa):

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Akwai abin da ya tsaya min a rai yau kusan sati biyu kenan na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace.

Ni ina bin kamiyon ne wato babbar motar kaya, muna kai albasa Duwala, to wannan karon ta Banyo da Fumban muka bi muka faɗa Bafusam muka gangaro Nkongsamba, bayan mun wuce Manjo kafin mu kai Lum sai injin ya ɗau zafi dole muka faka a wani ƙauye, ina tambayar sunan wurin aka ce min Nlohe. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don sunan nan tun ina ƙarami nake jinsa a bakin kakata Allah ya jiƙanta, ita Lohe take cewa, kullum hirarta lokacin da muke Lohe bakin gar kaza, lokacin da muke Lohe kaza. Kakana mahauci ne a can ya yi fawa shekara da shekaru, babana ma can aka haife shi kafin su tattaro su dawo arewa.

Shi direba yana fama da mota ni kuwa na samu wani dattijo na tambaye shi ina gar take, ya haɗa ni da yaro ya kai ni. Abin da na tarar ɗan gini ne kwanon ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta kai ƙugu, inda jirgi yake bi a da mutane sun shuka ayaba da rogo, sai ka duba da kyau kafin ka gane nan hanyar dogo ce. Na daɗe a tsaye a wurin na kasa tafiya har yaron ya gaji ya koma.

Tambayata, su wa suka gina wannan gar ɗin kuma yaushe, me ya sa aka daina amfani da ita, sannan me ya kai Hausawa irin su kakana can tsakiyar kurmi tun wancan zamani? Babana ya tsufa sosai yanzu, in na tambaye shi sai ya ɗauko nan ya saki ya ɗauko can. Na gode.

Malamin Tarihi (Ngaundere):

Wa alaikumus salam ƙanena, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, bari in ɗan yi tsawo ka yi haƙuri.

Wannan layin da ka gani aikin Jamusawa ne, ba na Faransa ba kamar yadda yawancin mutane suke zato. Jamus ta shigo Kamaru a 1884, a 1906 suka soma shimfiɗa dogo daga Bonaberi wato tsallaken kogin Wuri daura da Duwala, suka kai Nkongsamba aka buɗe shi a 1911, tsawonsa kilomita 160, faɗin tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita ɗaya cif wanda shi ne ma'aunin dogon Kamaru har gobe. In ka baro Mbanga kana hawa sai Njombe sai Penja mai masoro sai Lum sai Nlohe ɗin naka sai Manjo, a haka har Nkongsamba. To ka ga ita tana cikin ƙananan gar na kan hanya ne.

Kuma ba don jin daɗin ɗan ƙauye aka yi shi ba fa. Ƙasar yankin Mungo ƙasar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ce, ga Kupe ga Manenguba ga Nlonako, baƙa ce wuluk duk abin da ka jefa sai ya fito, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Turawa suka buɗe manyan gonaki, abin da suke buƙata hanyar da za ta kwashe manja da ƙwayar manja da koko da katako zuwa bakin teku, daga baya zamanin Faransa ayaba da kofi suka zama su ne manyan kaya. Shi ya sa za ka ga gar ɗin a jere kusa da juna, kowace tana da gonakin da take ɗauka. Mutanen da suka haƙa hanyar kuwa da yawansu ba da son ransu suka je ba, aikin tilas ne, sarakuna ake ɗora wa su kawo majiya ƙarfi, an rasa rayuka ba kaɗan ba.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin layin nan, Jamusawa layin arewa suke ce masa, don niyyarsu ba ya tsaya a Nkongsamba ba ne, so suke ya hau tudu ya ratso har Garwa ya nufi Tabkin Cadi. Wato da abin ya tafi yadda suka tsara, jirgin da ya ratsa ta gaban teburin naman kakanka shi ne zai zo ya tsaya a garinku. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Garwa ta faɗi hannun Ingila da Faransa a 1915, na ƙarshensu da suka maƙale a dutsen Mora suka miƙa wuya a 1916, shikenan magana ta mutu. Da Faransa ta karɓi ƙasa sai ta mai da hankali kan ɗaya layin, na tsakiya, wanda Jamusawa suka bari a wajajen Eseka, ta ƙarasa shi Yawunde a 1927, nan ma da aikin tilas, har yau 'yan kudu in suka ambaci Njock, wani wuri a kan wannan layin, abin da suke tunawa kenan. Nkongsamba ta zauna a matsayin ƙarshen dogo.

Da can ma jirgin a Bonaberi yake tsayawa a tsallaka da kaya ta ruwa, sai tsakiyar shekarun 1950 da aka gama gadar Wuri sannan layukan biyu suka haɗu. Bayan haɗewar kudancin Kamarun Ingila da Kamarun Faransa a 1961 aka ja reshe daga Mbanga zuwa Kumba, kilomita 29, aka buɗe a 1969. Ɓangaren Mbanga zuwa Nkongsamba kuma shi ne aka rufe a farkon shekarun 1990, duk gar ɗin da ke kansa suka mutu rana ɗaya har da taku.

Goggo Mai Goro (Marwa):

Salamu alaikum. Jikata ce take buga min wannan ni ina faɗa, ita ta karanto min tambayarka ɗazu bayan la'asar, na ce maza ɗauko wayar.

Ɗana ni a unguwar Hausawa ta Nkongsamba aka haife ni can na yi wayo can aka min aure na fari. Ka ce me ya kai Hausawa kurmi, to goro da shanu ne suka kai mu, ba wani abu ba. Babanmu fataucin goro yake yi, yana sarowa daga ƙasar Bamilike da wajen Bamenda ya ɗaure huhu ya aika arewa, wani kuma ya sa a jirgi zuwa Duwala. Shanu kuwa da ƙafa ake koro su tun daga Banyo da Tibati, wata guda har fiye suna tafe, sai sun iso bakin dogo. To duk inda saniya ta je ai mahauci yana biye, inda mahauci ya zauna kuma gobe za ka ga mai tsire, jibi malamin allo, gata an kafa 'yar rumfar salla, kafin ka ankara an yi zango. Haka aka yi a kowace gar tun daga Mbanga har sama. Su mutanen gonakin ayaba in an biya su kuɗin wata nama suke nema, kuma ba sa yarda da yankan kowa sai na Bahaushe, har tsiren ma soya suke ce masa don daga bakinmu suka ji.

Na san Lohe, muna wucewa ta nan in za mu Lum wajen yayar babanmu. Jirgin ba ya daɗewa a wurin, 'yan mintoci ne, amma a 'yan mintocin nan ake cin kasuwar yini guda, yara da farantai a ka suna bin tagogi, mai ƙosai mai dafaffen ƙwai mai ayaba mai abarba, maza kuma da tsire a takarda, kana miƙa kuɗi jirgi yana motsawa yarinya tana gudu tana miƙo maka canji. Ni kaina na yi tallan nan a tamu gar ɗin. Ba mu da agogo a gida, kukan jirgi ne agogonmu, innarmu takan ce ku tashi na safe ya yi kuka har yanzu ba ku hura wuta ba.

Amma an sha wuya ma fa. Wajen samun 'yancin kai da 'yan shekarun bayansa lokacin makiza, wato 'yan tawayen da suka shiga daji, yankin nan bai zaunu ba, magariba na yi kowa ya shige ɗaka, ba ka zuwa garin gaba sai da takardar lesefase ta izinin wucewa, soja ko'ina. Hausawa da yawa a lokacin suka kwashe iyali suka yo arewa, wasu kuma suka daure. Ka tambayi babanka ko lokacin ne suka taso, ina kyautata zaton haka ne.

Allah ya jiƙan kakanninka, ya yi maka albarka da ka tsaya ka duba wurin. Yaran yanzu ba kowa ne zai sauko daga mota ba.

Tsohon Ma'aikacin Dogo (Ngaundal):

Malam ya yi bayani mai kyau Goggo kuma ta tuna min da abubuwa da yawa. Ni ban yi aiki a wancan layin ba, a namu na Belabo zuwa Ngaundere na yi har na yi ritaya, amma ƙaramar gar duk ɗaya ce ko ina take, bari in faɗa maka abin da ginin da ka gani yake yi lokacin yana da rai.

Dogonmu layi ɗaya ne tilo, jirgi mai hawa da mai gangarowa a kan ƙarfe ɗaya suke tafiya. To dole a samu wuraren da layi ya rabu biyu na ɗan tsawo don ɗaya ya raɓe ɗaya ya wuce, wannan shi ne babban aikin ƙaramar gar, ɗaukar fasinja ma bayansa yake. Akwai shef de gar wato shugaban gar, shi ne ba ya barin jirgi ya tashi sai ya yi waya da gar ta gaba an tabbatar masa hanya babu kowa, ya rubuta a littafi da lokaci. Akwai mai juya layi da hannu yake jan ƙarfen, da rana tuta da dare fitila, ja tsaya kore wuce. Akwai mai sayar da tike da sikelin auna kaya, sannan 'yan gyaran hanya da suke bin dogo da ƙafa suna duba kusoshi suna sare ciyawa. Duk waɗannan da iyalansu a nan suke zaune kuma albashi suke ɗauka duk wata, a ƙauye kuwa mai albashi ai shi ne kasuwa. Ka ga wasu daga cikin masu sayen naman kakanka kenan.

Dalilin rufewa kuma, ina jin mutane suna cewa wai da aka ba 'yan kasuwa dogo ne suka kashe layin. Ba haka ba ne, lissafin shekarun ma bai ba da haka ba. Kamfanin 'yan kasuwa na Camrail a 1999 ya karɓi aiki daga hannun Regifercam hukumar dogo ta gwamnati, lokacin an riga an daina zuwa Nkongsamba da shekaru. Abubuwa ne suka taru. Na ɗaya kwalta, hanyar Duwala zuwa Nkongsamba zuwa Bafusam kusan kafaɗa da kafaɗa take tafiya da dogon, kai da kake bin kamiyon ka fi ni sani, mota tana shiga har cikin gona ta ɗauki ayaba ta sauke a bakin jirgin ruwa ba sauke-ɗora, ayaba kuwa ba ta jira. Fasinja ma ya ga mota ta fi sauri ya bar jirgi. Na biyu shi layin kansa ya tsufa, tun na Jamus ne, ga kwana-kwana ga hawa, daga bakin teku zuwa Nkongsamba an hau sama da mita 800, ga ruwan sama da yake cin ƙasa yana kwashe gadoji, kullum cikin gyara. Na uku wanda ya ƙarasa shi, a 1989 yarjejeniyar farashin kofi ta duniya ta rushe kuɗin kofi ya faɗi warwas, Nkongsamba kuwa da kofi ta zama gari har ana lissafa ta ta uku a Kamaru, hukumar sayen amfanin gona ONCPB ita ma aka rufe ta a 1991, gwamnati ba kuɗi, a 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Wa zai zuba kuɗi a layin da taragunsa suke dawowa wayam?

In an rufe kuwa abin ba ya ɗaukar lokaci, a ɗauke ma'aikata a kai wani wuri, damina biyu ciyawa ta rufe, masu neman ƙarfe su bi dare. Ni abin da yake damuna kenan in na kalli ƙananan wuraren da ke kan namu layin irin su Mbitom da Pangar, mutanen can jirgin dare na Yawunde shi ne kasuwarsu shi ne motar asibitinsu, mata suna tashi tsakar dare da zuma da ayaba da sandar rogo suna jiran ƙarar sa, daidai yadda Goggo ta ba da labari.

Dan Kasuwa (Njamena):

Ni daga Cadi nake bin hirar nan, mu ko taku ɗaya na dogo ba mu da shi a duk faɗin ƙasar, to maganar Malam cewa tun zamanin Jamus aka yi niyyar kawo shi Tabkin Cadi ta tsaya min a wuya wlh. Yau sama da shekara 100. Kayanmu daga Duwala jirgi yake kawowa Ngaundere a sauke a ɗora wa kamiyon, ko a bi Garwa Marwa Kusuri a tsallako gadar Ngeli, ko a bi Tuboro a shiga Mundu, kowane buhun siminti da shinkafa sai ya biya kuɗin wannan sauke-ɗorar da na shingayen hanya. Iyayenmu ma da can ta Najeriya suke bi da fatu da ƙiraga tunda dogo ya iso Maiduguri a 1964.

Baba tsohon ma'aikaci ku gafarce ni, ban ƙi maganarku ba amma ni a ganina kwalta ita kaɗai ba za ta kashe shi ba da layin yana da inda ya nufa. Dogon da ya tsaya a kilomita 160 ai dole mota ta cinye shi, tafiyar 'yan awoyi ce. Da an ja shi ya hau Bafusam da Fumban ya miƙe arewa, da shanu da auduga da albasar da wannan bawan Allah yake bi duk ta Nlohe za su riƙa wucewa, ba mai rufe gar ɗin da irin wannan kaya yake ratsawa. Kullum muna ji a rediyo za a ja layi daga Ngaundere zuwa Njamena an sa hannu a takarda, Allah ya nuna mana da ranmu.

Malamin Tarihi (Ngaundere):

Alhaji maganarka tana kan hanya, gajeren layi shi ya fi saurin mutuwa, reshen Mbalmayo ma haka ya ƙare. Sai dai bayan Nkongsamba akwai bangon duwatsu kafin ka hau tudun Bamilike, duk wanda ya bi hanyar da mota ya san hawan, jan dogo ta nan sai an fasa duwatsu da kuɗi mai yawa. Shi ya sa da aka tashi kawo jirgi arewa zamanin Ahmadu Ahijo sai aka ɗauko daga Yawunde aka bi kwarin Sanaga, an soma a 1964 aka kai Belabo a 1969 aka iso nan Ngaundere a 1974, wajen kilomita 622, kamfanin Cogefar na Italiya ne ya yi aikin da kuɗin Turai da Amurka da Faransa. Daga ranar nan shanun Adamawa suka samu tarago a ƙofar gida, ba sai an koro su wata guda zuwa Mungo ba, to ka ga zangon su Goggo ya rasa ƙafa ɗaya tun kafin a rufe layin nasu.

Jikan Mahauci (Garwa):

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka da alheri. Malam, Baba, Alhaji na gode ƙwarai.

Goggo jiya da dare na zauna na karanta wa babana abin da kuka faɗa tun daga farko, da na zo wurin kukan jirgi ne agogonmu sai ya ɗaga min hannu ya ce tsaya, ya yi shiru can sai ya fara magana tiryan-tiryan yadda ban taɓa ji ba. Ya ce eh lokacin makiza suka taso, da dare aka ɗaure kaya da asuba suka hau jirgi zuwa Nkongsamba daga nan suka nemi mota, ko teburin naman ba a sayar ba maƙwabci aka bar wa. Ya ce shi ne mai kai wa matar shef de gar hanta kullum da safe tana ba shi biredi. Sannan ya faɗa min abin da ko kakata ba ta taɓa faɗa ba, wai akwai ƙannensa biyu mace da namiji da suka rasu suna ƙanana, an binne su a 'yar maƙabartar Musulmi a bayan gar ɗin wajen wata bishiyar mangwaro.

Wata mai kamawa in Allah ya kai mu muna da lodi, na riga na roƙi direba ya bi ta can ya ba ni ko awa ɗaya ce. Zan nemi dattijon nan ya nuna min ko akwai sauran Hausawa a garin da za su san wurin, in yi musu addu'a in ɗauko hoto in kawo wa babana. Goggo in akwai wanda kuka sani da ya rage a Lum ko Manjo cikin mutanen da, dan Allah jikarku ta turo min saƙo ta ciki.